Kafin zuwan biro: Dabarun da aka ɓoye a cikin mazuban tawada na tangaran

Idan aka ajiye maka shi a kan tebur ba tare da an yi maka bayani ba, za ka ɗauka mazubin sukari ne na gidan masu hannu da shuni. Farin tangaran ne mai siffar dogon kofi, an zana masa furanni, an zagaye bakinsa da ruwan zinare, yana zaune a tsakiyar wani ɗan faranti. A kansa akwai murfin tagulla mai ɗan mamurɗi, a gabansa kuma an manna wani ɗan ƙoƙo da bai fi kan babban yatsa ba.

Da ka murɗa abin da ke kan murfin, sai ka ga tawada tana tasowa a hankali cikin ɗan ƙoƙon nan, kamar yadda ruwa ke tsattsafowa a gindin rijiya. Ka murɗa shi baya, ta janye ta koma ciki, ƙoƙon ya zama wayam.

Wannan shi ne abin da Faransawa suka sa wa suna mazubin tawada mai famfo, kuma kusan shekara 200 ke nan da ƙirƙiro shi a ƙasarsu. Yana cikin dabaru masu yawa da maƙera da masu ginin tangaran na Turai suka yi ta gwadawa a ƙarni na 19 a kan matsala guda. Mai rubutu yana so tawadarsa ta zauna a buɗe don ya riƙa tsoma alƙalami, ita kuwa tawadar da zarar ta sha iska ta kama hanyar lalacewa.

A yau waɗannan kaya suna gidajen tarihi da hannun masu tara tsofaffin kaya, kuma yawancin masu saye kyan zanen jiki suke bi. Wanda ya buɗe murfin ya leƙa ciki ya fi su cin riba.

Tawadar da ba ta shiri da iska

Kalmar tawada kanta daga Larabci ta samo asali, daga kalmar dawat, wadda a can sunan mazubin ne. Bahaushe ya ɗauki sunan ya ba ruwan, mazubin kuma ya ci gaba da kiran sa kurtu. Almajirin da ke rubutu a allo bai taɓa bukatar wani inji a kurtunsa ba, kuma akwai dalili. Tawadarsa ta gawayi da ƙaro ce. In ta bushe sai ya zuba ruwa ya motsa, ta dawo yadda take.

Tawadar da Turai ta yi ɗaruruwan shekaru tana rubutu da ita daban take. Ana haɗa ta ne da wani ƙullutu da ke fitowa a jikin itacen oak idan wani ɗan ƙwaro ya yi ƙwai a wurin, kuma mafi daraja shi ne wanda ake kawowa daga yankin Halab na ƙasar Siriya. A daka shi a jiƙa, a zuba masa gishirin ƙarfe, sannan a ƙara ƙaro don ta yi jiki ta kama takarda. Majema da dukawa ba za su yi mamakin wannan haɗi ba, don sun san bagaruwa da ƙarfe in suka gamu baƙi suke bayarwa.

Ƙaron nan kuwa daga yankin Sahel yake zuwa. A ƙarni na 18 Turai ta dogara ne da wanda ake saye a gaɓar Kogin Senegal, masu buga zane a jikin yadi suna kwashe mafi yawa, masu tawada suna samun nasu kason. Cinikin ya kai matsayin da a 1758 sojojin Birtaniya suka ƙwace garin Saint-Louis da ke bakin kogin daga hannun Faransa, kuma ƙaro na cikin manyan abubuwan da suka kai su.

Halin wannan tawada shi ne, lokacin da aka rubuta ta ba ta da baƙi sosai. Sai ta sha iska a kan takarda take yin baƙi ƙirin, ta kama ta yadda ruwa ba ya wanke ta. Shi ya sa kotuna da ofisoshin gwamnati suka riƙe ta. To amma iskar ba ta san bambancin takarda da mazubi ba. Abin da take yi wa rubutu shi take yi wa tawadar da ke zaune a buɗe, sai baƙin ya haɗu ya kwanta a ƙasa kamar laka, saman ya yi fata, ruwan ya ƙafe, sauran ya yi kauri. Ga ƙura, ga funfuna idan an daɗe ba a taɓa ba.

Sannan tana da tsami mai cin abu. Har yanzu masu kula da tsofaffin takardu a Turai suna fama da ita, kuma daga cikin sanannun misalai akwai rubuce-rubucen hannu na mawallafin kiɗa Johann Sebastian Bach da ke babban ɗakin karatu na birnin Berlin, inda a wasu shafuka tawadar ta ci takardar har ta huda.

Muddin masu rubutu 'yan kaɗan ne, kuma da gashin dinya suke yi, an iya haƙuri da wannan. Abin ya sauya a shekarun 1820, lokacin da masana'antun birnin Birmingham na Ingila, irin na John Mitchell da Joseph Gillott da Josiah Mason, suka fara buga bakin alƙalami na ƙarfe da inji, suna sayarwa da araha. Bakin ƙarfe ba ya bukatar fiƙewa da wuƙa, amma yana da tsirfa. Tawada mai kauri tana toshe shi, tsaminta yana sa shi tsatsa, in ya daki gindin mazubi tsininsa ya lanƙwashe ya kwaso laka, in kuma aka nutsa shi da yawa yatsu su ɓaci.

A daidai wannan lokaci masu rubutu suka yawaita. A Faransa, dokar 1833 ta ɗora wa garuruwa nauyin buɗe makarantun firamare. A Birtaniya aka rage kuɗin aika wasiƙa zuwa kwabo ɗaya a 1840, sai yawan wasiƙu ya tashi daga kusan miliyan 76 a 1839 zuwa kimanin miliyan 169 a shekarar da ta biyo. Bankuna da kamfanonin jiragen ƙasa suka cika da akawu masu wuni suna tsoma alƙalami. Kowannensu abu biyu yake nema, tawadar da ba ta yi kauri ba, da zurfin da ba ya canzawa daga safe zuwa yamma.

Me ya kawo tangaran cikin maganar?

Bahaushe ya kira shi faɗi-ka-mutu, kuma sunan ya dace. Sai dai abin da ya rasa wajen jure faɗuwa ya samu wajen jure tawada. Ƙarfe tawada na cin sa. Tukunyar yumbu ta yau da kullum tana shan ruwa, da shafen jikinta ya tsage tawada ta shige ta zauna har abada. Tangaran na gaske kuwa ana gasa shi a zafin da ya kai maki 1,300 zuwa 1,400 a ma'aunin Selshiyos, har ƙasar ta narke ta haɗe kamar gilashi. Ba ya shan komai, tsami ba ya kama shi, da an ɗauraye shi ya koma fari. Ko mazuban da aka yi da azurfa ko tagulla, za ka tarar a cikinsu an saka ɗan kofin gilashi ko na tangaran, shi ke riƙe tawadar.

Sirrin yin sa na ƙasar Sin ne, kuma ya dogara da wata irin farar ƙasa da ake kira kawolin, sunan da aka samo daga wani tudu kusa da birnin Jingdezhen. Irin wannan ƙasa ce ake haƙowa a Ƙanƙara ta Jihar Katsina. Turawa sun daɗe suna sayen kayan Sin da tsada ba su san yadda ake yi ba, sai a 1708 aka dace a birnin Dresden na Jamus, ta hannun masanin lissafi Ehrenfried von Tschirnhaus da wani matashi, Johann Friedrich Böttger, wanda sarkin yankin ya tsare saboda ya yi iƙirarin zai iya mayar da ƙarfe zinare. Zinaren bai samu ba, amma a 1710 aka buɗe masana'antar Meissen.

Faransa ta makara, don ba ta gano tata farar ƙasar ba sai a 1768 a Saint-Yrieix, kusa da Limoges. Kafin nan masana'antar sarki da ke Sèvres tana yin wani nau'i mai taushi da aka haɗa da garin gilashi. Da shi aka yi ɗaya daga cikin mazuban tawada mafi shahara a duniya, wanda yanzu yake gidan tarihi na Wallace Collection a Landan. An yi shi a wajajen 1758, shekarar da aka ƙwace Saint-Louis, kuma ana danganta shi da kyautar Sarki Louis na 15 ga 'yarsa Marie-Adélaïde. Faranti ne kore mai ɗauke da ƙwallo biyu, ɗaya da taswirar duniya, ɗaya da taurarin sama. A cikinsu ake zuba tawada da garin da ake barbaɗa wa rubutu don ya bushe. A tsakiya akwai kambun sarauta, wanda a cikinsa aka ɓoye ƙararrawar kiran bara.

Kyakkyawa ne ba shakka, amma ta fuskar dabara bai wuce kofi da murfi ba. Gimbiya tana da wanda zai zubar da tsohuwar tawada ya zuba sabuwa kowace safiya. Lauya ko ɗan kasuwar da ya zo bayan shekara 80 ba shi da wannan gata, don haka shi aka ƙera wa inji.

Famfon da ba ya tura komai

Sunan da aka fi dangantawa da mazubi mai famfo shi ne Louis-Honoré Boquet, ma'aikacin tagulla da ya yi aiki da masana'antar Sèvres, wanda ya yi rajistar fasahar a farkon shekarun 1830. Da yawa daga cikin waɗanda suka rage suna ɗauke da sunansa a jikin mamurɗin tagullar, tare da ambaton lambar azurfa ta 1839, shekarar da aka yi babban baje kolin kayan masana'antun Faransa a Paris.

Duk da sunan, babu famfo a ciki irin wanda muka sani mai tsotso ko tura ruwa. In ka ɗaga murfin, abin da za ka gani shi ne wani dunƙulen tangaran mai siffar ganga, yana rataye a jikin sandar ƙarfe mai murɗi irin na noti. Faɗinsa ya kusa cike cikin mazubin. A can ƙasa kuma akwai wata 'yar hanya da ta haɗa babban cikin da ɗan ƙoƙon da ke waje.

Duk wanda ya san tatsuniyar hankakan da ya yi ta jefa tsakuwa a tulu har ruwa ya taso ya riga ya fahimci aikin. Kana murɗawa, dunƙulen yana sauka cikin tawada yana cinye mata wuri, ita kuma dole ta tashi. Tunda cikin da ƙoƙon a haɗe suke ta ƙasa, duk inda ta kai a ciki nan za ta kai a waje. Mai rubutu zai tsayar da ita a zurfin da ya yi daidai da bakin alƙalaminsa. Idan ta ragu da rana, ya ƙara murɗawa kaɗan. In ya tashi aiki ya murɗa baya, dunƙulen ya ɗaga, tawadar ta koma ciki inda iska da ƙura ba sa kai mata sosai. Ɗan ƙoƙon ma yakan zo da nasa ƙaramin murfi a ɗaure da sarƙa.

A ganina, cikin duk dabarun da aka yi, wannan ce ta fi nuna hankali, domin abu ɗaya ne kawai ke motsi a cikinta, kuma ɓangaren da ke nutsewa a tawada tangaran ne, ƙarfen yana sama. Amma tana da lagonta. Lakar tawada a ƙasa take kwanciya, kuma a ƙasan ne 'yar hanyar take, saboda haka wanda ya yi sakaci da wanki zai murɗa har ya gaji ba abin da zai fito. Danshin tawadar kuma yana tashi ya kama sandar, ta yi tsatsa ta ƙi juyawa. Mai gaggawa da ya murɗa fiye da kima, sai ƙoƙon ya tumbatsa. Farantin da ke ƙasa an yi shi ne don wannan rana, ko da yake masu ƙira sun mayar da shi wurin ado, wasu har da ramukan soke alƙaluma a gefensa.

Masana'antun Paris da na Limoges sun yi irinsa da yawa, daga farare marasa ado zuwa masu zanen furanni da tsuntsaye, wasu a kan gindin marmara, wasu a kan tagulla.

Dabarar mazubin ruwan kaji

Akwai wani nau'in da ba shi da abin murɗawa ko ɗaya, kuma duk mai kiwon kaji ya san yadda yake aiki ko da bai taɓa ganin sa ba. A gidan kaji ana cika robar ruwa a kife ta a kan faranti. Ruwan ya fito kaɗan ya tsaya, sauran ya maƙale a sama bai zubo ba, saboda iskar waje tana danna wanda ke farantin, kuma babu ta inda wata iskar za ta shiga ta maye gurbin na ciki. Da kaji sun sha ruwan ya ja baya, sai ƙwayar iska ɗaya ta shige, ruwa daidai girmanta ya sauko.

Haka aka gina waɗannan mazubai. Jikinsu a rufe yake ruf, sai ɗan baki ɗaya a gefe daga ƙasa, wanda ya lanƙwaso sama kamar hancin buta. Masu tara su a Amurka ma butar shayi suke kiran su. Ana kwantar da mazubin a ɗura tawada ta bakin, a tayar da shi, daga nan tawadar da iska ke taɓawa ba ta wuce faɗin ƙwayar wake ba, kuma zurfinta ba ya sauyawa har ta kusa ƙarewa. An yi su da gilashi, an yi da tangaran, kuma yawanci bakin yana da ɗan murfin tagulla mai maɓalli.

Matsalarsa ita ce iskar da ke kulle a saman tawadar. Iska tana kumbura idan ta ji zafi. Ofishi ya kwana da sanyi, da safe a hura murhu ko rana ta faɗo ta taga, sai iskar cikin ta buɗe ta turo tawada waje, akawu ya iso ya tarar da tabo a kan littafin lissafi. Wanke cikinsa kuma aiki ne, tunda hannu ba ya shiga.

Wasu masu ƙira suka bi ta wata hanyar. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 aka yi yayin mazubi mai siffar katantanwa, wanda ake ratayawa a tsakanin ƙafafu biyu na ƙarfe yana juyawa. In za ka yi rubutu ka karkato shi gaba, bakinsa ya sauko tawada ta gangaro. In ka gama ka mayar da shi baya, bakin ya je ya manne da wani faifan ƙarfe da aka kafa yana jiran sa, ya rufe kansa ke nan. Ba murfin da zai ɓata, ba wanda za a manta ba a rufe ba. Na Amurka yawanci gilashi ne a kan baƙin ƙarfe, Faransawa kuma sun yi na tangaran mai zane. Akan samu mai katantanwa biyu ko uku a jere, saboda masu lissafin kuɗi suna bukatar jar tawada kusa da baƙa.

A Ingila kuwa, wajen ƙarshen shekarun 1880, kamfanin De La Rue ya fito da wanda ya sa wa suna Isobath, masana'antar Doulton ta unguwar Lambeth a Landan tana gina masa jikin da gasasshen yumbu mai ƙarfi, ɗan'uwan tangaran. A cikinsa akwai wani nauyi mai siffar rabin ƙwallo da ke lilo a kan ƙusa. Tawada na raguwa, shi yana ƙara sunkuyawa cikinta da kansa, zurfin da ke ƙoƙon waje ya zauna daram. Tunanin Boquet ne aka cire masa hannun mutum. Sunan De La Rue ba baƙo ba ne a Najeriya, don da shi gwamnati ta haɗa gwiwa a 1963 aka kafa kamfanin buga kuɗi na ƙasa.

Wanda ya fi kowa aiki

Idan ana maganar yawan haruffan da aka rubuta, babu ɗaya cikin waɗannan injuna da ya kama ƙafar ɗan farin mazubin makaranta. Ɗan kofin tangaran ne mai faffaɗan leɓe, ana zura shi a ramin da aka huda a saman bencin ɗalibi, leɓen ya riƙe shi. Samansa a rufe yake, sai ƙaramin rami a tsakiya. Ƙanƙantar ramin ita ce duk dabarar da ke jikinsa, tana rage ƙafewa, tana hana fantsama idan yaro ya girgiza benci.

Dokokin 1881 da 1882 sun mayar da karatun firamare kyauta kuma dole a Faransa, sai aka bukaci irin wannan kofi a kowane benci a faɗin ƙasar. Ana zagayawa da kwalba mai dogon baki ana cika su ɗaya bayan ɗaya. Ramin a hannun dama yake, bahago kuwa sai ya yi ta kansa. Tsarin ya bi makarantun Faransa zuwa ƙasashen da ta mallaka, har da Nijar, kuma tsofaffin bencinan makarantun Najeriya na zamanin Ingilishi su ma suna da irin wannan rami.

Abin da ya ba ɗan kofin nan damar yin aiki ba tare da inji ba shi ne tawadar ce ta sauya. Daga 1856, lokacin da wani matashi ɗan Ingila, William Perkin, ya fitar da rini daga kwaltar gawayin kwal, masana sinadarai suka buɗe ƙofar sababbin launuka. Daga cikinsu aka samu tawada mai ruwan goda, wato shuɗi mai sirkin ja, wadda ta zama alamar makarantun Faransa. Ba ta kwantar da laka kamar tsohuwar, ba ta cin bakin alƙalami kamarta. Abin da maƙera suka shekara 50 suna yi wa dabara da noti da lilo, masu haɗa sinadari suka rage masa ƙarfi daga tushe.

Sauran labarin gajere ne. A 1884 Lewis Waterman ya yi rajistar alƙalami mai ɗauke da tawadarsa a ciki a birnin New York, kuma abin da ya gyara shi ne tsohuwar rigimar nan, yadda iska za ta shiga daidai gwargwadon tawadar da ke fita. A 1938 ɗan jaridar ƙasar Hungary, László Bíró, ya yi rajistar alƙalami mai ƙwayar ƙarfe a baki da tawada mai kauri wadda ba ta ƙafewa. Sunansa ne muke kira kullum idan muka ce a ara mana biro. Kamfanin Bic ya fito da nasa mai araha a 1950, kuma a 1965 ma'aikatar ilimi ta Faransa ta amince yara su yi rubutu da shi a aji. Ramukan benci suka zauna babu kowa.

Idan ka ci karo da shi a gwanjo

Yanzu da ake cinikin tsofaffin kaya ta intanet, kuma kwantenonin kayan gida na hannu suna shigowa daga Turai, ba abin mamaki ba ne mutum ya ga irin wannan mazubi a tsakiyar kofuna da faranta, mai sayarwa bai san ko mene ne ba. Haka kuma ba abin mamaki ba ne a sayar masa da na jiya da sunan na shekara 150.

Tambarin da ke gindi shi ne abin da kowa ke fara dubawa, kuma shi ya fi yaudara. Takubba biyu masu gilma juna da shuɗin launi alamar Meissen ce, harafin L biyu a sarƙe kuma ta Sèvres ce ta zamanin sarakuna, amma an kwaikwayi duka biyun ba adadi. Tun a ƙarni na 19 akwai kamfanin Samson a Paris, wanda aka kafa a 1845, sana'arsa ita ce yin kwafin kayan manyan masana'antu, har kwafin nasa ma yanzu ya zama abin tarawa. A ɗaya gefen, yawancin tangaran ɗin ƙananan masana'antun Paris ba su da tambari ko kaɗan, saboda haka gindi fari fat ba hujja ba ce cewa kayan jabu ne. Idan kuwa ka ga an rubuta sunan ƙasar da aka yi shi, mafi yawa bai girmi 1891 ba, shekarar da dokar Amurka ta fara tilasta rubuta ƙasar asali a jikin kayan da ake shigarwa.

Fitilar wayarka za ta yi maka aiki. Haska ta a wurin da jikin ya fi siriri, tangaran na gaske yana barin haske ya ratsa, yumbun da aka shafe da fari ba ya bari. Ƙwanƙwasa shi a hankali da farce, lafiyayye yana amsawa da ƙara mai zaƙi, mai ɓoyayyen tsagu ko wanda aka liƙe kuwa muryarsa a dushe take. Dubi ruwan zinaren, wanda ya yi aiki yakan goge a inda yatsu ke kamawa, ya rage a lungunan da hannu ba ya kai wa. Dubi murfin ko ya zauna daidai, don dillalai sukan aurar da murfin wani da jikin wani.

In mai famfo ne, buɗe ka tabbata dunƙulen yana ciki, domin shi ya fi ɓata ko fashewa, kuma in babu shi abin da ka saya kofi ne mai rami. Idan sandar ta ƙi juyawa kada ka sa ƙarfi, tangaran ɗin da ke riƙe da ita zai riga tsatsar sallamawa. Ɗigon man keke a kan murɗin da haƙurin 'yan kwanaki sun fi filaya. Kada a jiƙa mai ruwan zinare ko mai haɗin tagulla a ruwa ya kwana, kada kuma a kusance shi da sinadarin bilic, wanda ke shiga ta tsagu ya ci gaba da ɓarna a ƙarƙashin shafen. Ruwa mai ɗumi da auduga sun isa. Baƙin tabon da ya ƙi fita daga cikin ɗan ƙoƙon a bar shi, masu saye da suka san kan kaya suna neman sa, don shi ke nuna an taɓa rubutu da abin.